Barewar da kyamara ta gani a Agusta, ina take shiga a Oktoba?

Duk shekara, da zarar Satumba ta raba tsakiya, ƙorafi iri ɗaya ke tashi a tsakanin mafarautan barewa na Amurka. Mutum ya ɗaure kyamara a jikin bishiya, a bakin gonar waken soya, tun watan Yuli. Kusan kullum da yamma sai ta ɗauko masa hoton wani ƙosasshen kishimi, wato namijin barewa, mai ƙaho reshe-reshe yana kiwo da 'yan'uwansa maza uku ko huɗu, hankali kwance, rana ba ta ko faɗi ba. Har suna yakan raɗa masa. Ya yanki lasisi, ya gyara kwari da baka, ya kafa wurin dako a kan bishiya. Ana buɗe farauta sai kishimi ya yi ɓatan dabo. Kyamara lafiyarta lau, batir da ƙarfinsa, amma ba ta kawo komai sai mata da 'ya'yansu, sai ko wata inuwa da ta gifta da ƙarfe 2 na dare.

Daga nan kowa sai ya kawo nasa dalilin. Wani ya ce kishimin ya koma yawon dare, wani ya ɗora wa farin wata, wani ya rantse maƙwabcinsa ne ya harbe shi a ɓoye. Akwai ma waɗanda suka yi imani cewa a tsakiyar Oktoba bareyi kan kwanta ne kawai su daina yawo, har sun sa wa lokacin suna. Masu bincike sun shafe shekaru suna ɗaura wa bareyi abin wuya mai na'urar GPS, wadda ke faɗin inda dabba take dare da rana, kuma abin da suka gano ya rushe yawancin waɗannan bayanai. Kyamarar ba ƙarya ta yi ba. Mai ita ne ya ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ta bazu daga kudancin Kanada har cikin Kudancin Amurka. Ta sha bamban da barewarmu ta sahel, mai ƙaho na dindindin a kan mace da namiji. Ita mai farar wutsiyar namiji ne kawai ke da ƙaho, ƙashi ne zalla mai rassa, kuma duk shekara sai ya zube wani ya tsiro. A wajajen 1900 farautar kasuwa da saran daji sun kusa ƙarar da ita, har aka ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a Amurka ba su wuce 500,000 ba. Yau ana maganar kimanin miliyan 30. Dokoki ne suka dawo da ita, musamman ta Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100, zuwa hukumomin kula da namun daji na jihohi. Mafarauta na kashe wajen miliyan 6 a shekara ba tare da garken ya girgiza ba. A jihar Wisconsin kwana 9 kacal ake ba masu bindiga a ƙarshen Nuwamba, kuma mutum fiye da rabin miliyan ne ke shiga daji cikin riguna masu ruwan lemo don kada a harbi juna. Wanda aka ba kwanaki kaɗan haka, ba mamaki ya so sanin inda dabbar take tun kafin ranar.

Kyamarar kanta ba kallo take yi ko da yaushe ba. A kwance take, sai wani abu mai ɗumin jiki ya gifta gabanta, wata 'yar na'ura mai jin zafi da motsi ta tashe ta, ta ɗauki hoto. Da dare tana haskawa da wani haske da idon mutum bai cika gani ba, shi ya sa hotunan dare ke fitowa fari da baƙi, idanun dabba na ƙyalli. Tunanin ya tsufa: tun a shekarun 1890 wani lauya, George Shiras, yake ɗana igiya a dajin Michigan, barewa ta taɓa ta, wuta ta walƙa, ta ɗauki hoton kanta da kanta, kuma a 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa. Abin da ya canza shi ne araha, da kuma layin waya da aka sa wa na zamani, masu turo hoto cikin wayar mai su yana zaune a ofis.

To amma a duba lissafin. Nisan da irin wannan kyamara ke ji bai cika wuce mita 20 ba, kuma gabanta kawai take gani, wato fili da ƙyar zai kai murabba'in mita 200. Shi kuwa baligin kishimi, yankin da yake yawo a ciki sau da yawa ya haura hekta 250, murabba'in mita miliyan 2 da rabi ke nan. Idan ya kauce da taku 30 ya bi ta bayan bishiyar, a wurin mai kyamara ya ɓace daga duniya. Hoto shaida ne cewa dabba ta zo nan a wannan minti. Rashin hoto kuwa ba shaidar komai ba ne, kuma a kan rashin hoton ake gina yawancin labaran.

Abin da ke faruwa a zahiri ya fi haka sauƙin fahimta idan aka bi cikin dabbar. Daga Afrilu zuwa Agusta kishimi ƙaho yake ginawa, lulluɓe da wata fata mai laushi cike da jijiyoyin jini, kuma aikin na cin abinci mai gina jiki ƙwarai. Ɗanyen ganyen waken soya ya ishe shi. A wannan lokaci mazan ba su da abin faɗa, tare suke kiwo, daga makwanci zuwa gona, daga gona zuwa makwanci, kusan a sa'a ɗaya kullum. Wannan shi ne kishimin da kyamara ta saba da shi, kuma shi ne mafi sauƙin ganewa a duk shekara.

Sai rana ta fara gajarta. Idon barewa na auna tsawon yini, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, sinadarin mazakuta ya hau cikin jini. A ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba jini ya daina zuwa ƙaho, fatar ta bushe, ya goge ta a jikin ƙananan itatuwa, ƙahon ya fito tas, ya zama makami. Abokan kiwo na jiya sun zama kishiyoyi, taron ya watse. A daidai wannan lokaci ganyen waken soya ke yin rawaya, barewa ta juya masa baya, can cikin daji kuma 'ya'yan itacen oak sun fara zuba. Ta fi son na farin oak don ba su da ɗaci sosai. A shekarar da itatuwan suka yi 'ya'ya da yawa, barewa na iya tashi daga makwanci ta ƙoshi ba ta yi tafiyar mita 100 ba, ta koma ta kwanta tana tuƙa. Me zai kai ta bakin gona da rana tsaka? Ga kuma masu girbin masara, waɗanda cikin yini ɗaya za su aske gonar da ta kasance mafakarta wata uku. Abinci ya koma wani wuri, mafaka ta koma wani wuri, kyamara ce kaɗai ta tsaya inda aka ɗaure ta.

Bayanan abin wuya, irin waɗanda masu binciken Jami'ar Jihar Pennsylvania ke tarawa tun 2013, sun nuna cewa tafiyar mazan ba ta raguwa a Oktoba. Ƙaruwa ma take yi, mako bayan mako, har ta kai ƙololuwa a Nuwamba. Batun wata kuma, da aka jera tafiyar bareyi kusa da kwanakin wata, ba a ga wani bambanci da za a kafa hujja da shi ba: farin wata ko duhu, asuba da magariba ne lokutan da suka fi motsi. Na san mafarauta da yawa ba za su saki wannan imani ba, don kowa yana da labarin ranar da ya dace a daren sha huɗu, kuma ba wanda ke ƙirga ranakun da ya dawo hannu rabbana.

Wasu mazan kuwa da gaske ƙaura suke yi. Ɗakin binciken barewa na Jami'ar Jihar Mississippi ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na baligan mazan da suka bibiya gida biyu gare su, na lokacin zafi daban, na kaka da hunturu daban, wani lokaci da tazarar kilomitoci. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 140, har kogin Mississippi yake ninƙayawa, ya yi rabin shekara a Louisiana, rabi a Mississippi. Irin wannan, wanda ya yi ta ɗaukar hotonsa a Agusta ba zai sake ganinsa ba sai baɗi, kuma wani mutum can nesa zai wayi gari da baƙon kishimi a kyamararsa yana mamakin daga ina ya faɗo. Haka ma matasan maza 'yan shekara ɗaya da rabi: fiye da rabinsu kan bar inda aka haife su su nemi wani wuri, ba su dawowa.

Sai tsoro, wanda shi ne dalilin da mafarauci ya fi ƙin ji, don shi ne sanadinsa. Barewa da hanci take rayuwa. Mutumin da ke zuwa duk bayan kwana uku ya cire memori ya ga hotuna, yana barin warinsa a ciyawa, a jikin bishiya, a kan kyamarar kanta. Tsohon kishimi da ya tsallake farauta huɗu ko biyar ba ya bukatar a faɗa masa sau biyu. Ba ya barin dajin, sai dai ya matsa cikin sarƙaƙiya, ya jinkirta fitowa fili har duhu ya rufa. Wato a nan maganar yawon dare tana da ƙamshin gaskiya, sai dai da rana ma yana motsi, a inda ba a ganinsa. Wannan matsala ce ta buɗe wa kyamarori masu layin waya kasuwa, tunda mai su ba sai ya taka wurin ba.

Nuwamba ita ce watan da komai ke birkicewa. A jihohin arewa barbara na kai ƙololuwar ƙarfinta a makonni biyun tsakiyar watan, kusan ranaku iri ɗaya kowace shekara, ko an yi sanyi ko ba a yi ba. Hanyar da aka tabbatar da haka mai ban sha'awa ce: ana auna tsawon 'yan tayin da aka samu a cikin matan da mota ta buge ko aka harba daga baya, a ƙirga baya zuwa ranar da aka ɗauki cikin. Dalilin tsayuwar lokacin a bayyane yake. Cikin barewa kwana 200 ne ko kusa da haka, don haka wanda aka ɗauka a tsakiyar Nuwamba zai faɗo a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye ɗa, uwa kuma ta sami abin da zai kawo nono. Wanda aka haifa da wuri sanyi ya kashe shi, wanda ya makara hunturu ya riske shi bai yi ƙwari ba. A kudu, inda hunturu ba ya kisa, abin ya sassauta: a sassan Alabama sai Janairu, a kudancin Florida tun Yuli ko Agusta.

Macen kwana ɗaya kacal take karɓar namiji, idan ba a dace ba sai bayan kwana 28. Wannan ƙanƙanin lokaci ne ke haukata mazan. Su rage cin abinci, su rame, su yi ta sintiri daga garken mata zuwa wani, rana tsaka ma ba su kwanciya. Kafin nan sun tona ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe mai saukowa, sun yi fitsari a wurin, sun goga goshi da baki a reshen, kowane mai wucewa ya tsaya ya sansana ya bar nasa. Mafarauta na son ɗaura kyamara a irin wannan wuri, kuma suna da gaskiya idan ƙidayar mazan unguwa suke so, don kusan kowa sai ya biyo. Sai dai mafi yawan ziyarar cikin dare ake yinta, don haka wurin da ya fi ba da hoto ba lalle ne ya ba da nama ba. Sannan idan kishimi ya sami macen da ta kusa, sai ya keɓe da ita cikin wani ƙurmi kwana ɗaya ko biyu, kyamarori su yi tsit a daidai lokacin da barbara ta fi zafi.

Iyakar abin da namiji zai iya a wannan wata, wani kishimi a Missouri ya nuna shi a Nuwamban 2017: kilomita 300 cikin kwana 22, ya ƙetare babban kogi sau bakwai, da babbar hanyar mota, da layin dogo, ana tsakiyar farauta. Direbobi ma sun san watan. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta karo tsakanin mota da barewa miliyan 2.1 a shekara a Amurka, da mutuwar mutum kusan 440, kuma Nuwamba ce kan gaba.

Da hunturu ya kankama, a can arewa kamar Maine da arewacin Michigan, bareyi kan taru a dazuzzukan itatuwa masu ganye duk shekara, inda rassa ke tare dusar ƙanƙara da iska, su rage motsi don tattalin kitse. Tsakanin Janairu da Maris ƙahon ya faɗi.

Duk wannan a gabas ne da tsakiyar ƙasar, inda barewa ke da zaɓi: gonaki da yawa, ruwa ko'ina, hanya goma zuwa wuri ɗaya. A yamma labarin ya sauya, kuma a ganina a nan ne asalin rigimar kyamara take. Can akwai wata barewar, mai manyan kunnuwa irin na alfadari, wadda ke zaune a ƙasar duwatsu da hamada. A 2011 wani masani, Hall Sawyer, ya ɗaura wa wasu abin wuya a Red Desert ta jihar Wyoming, da zaton mazauna wurin ne. Da bazara ta yi sai aka neme su aka rasa. Ashe tafiyar kilomita 240 suke yi zuwa tsaunukan Hoback a arewa, su dawo da kaka, kuma a hanya suna haɗuwa da wasu 4,000 zuwa 5,000. Wata mace mai lamba 255 ta zarce har jihar Idaho, kusan kilomita 390 zuwa kawai. Ba gudu suke yi ba. Kashi 95 cikin 100 na lokacin ƙaurar a zango suke cinye shi, suna jiran sabon tsiro ya fito a gaba yayin da ƙanƙara ke narkewa tana hawa dutse, su bi shi yana ɗanye.

Hanyar kuma gado ce. Mace na bin turba ɗaya shekara da shekaru, kusan sawu a kan sawu, ɗanta na biye da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a nan kimiyya ta sa hannu: wani bincike da mujallar Science ta buga a 2018, a kan tumakin dutse da wasu manyan dangin barewa da aka kwashe aka kai sabon wuri, ya nuna cewa yawancinsu ba su yi ƙaura ba sam, sai bayan gomman shekaru zuriyarsu ta koyi ƙasar. Ma'ana idan shinge ko titi ko rijiyoyin gas suka datse hanya har tsofaffin matan suka ƙare, ilimin ya tafi da su ko da an buɗe hanyar daga baya.

A irin wannan ƙasa kyamara ba ta kuskure, domin dabbar ba ta da wata hanya. A bakin tafkin Fremont, kusa da garin Pinedale, dubban bareyin nan ta wani ƙuƙumin wuri mai faɗin 'yan ɗaruruwan mitoci suke bi. Kyamarorin da mai ɗaukar hoto Joe Riis ya ɗana a hanyar sun nuna su suna ninƙaya a koguna, suna kutsawa ƙarƙashin waya, kuma hotunan sun taimaka wajen jawo hankalin jama'a har aka sayi filin da ke wannan mashiga aka hana gini a kai. Haka gadojin da aka gina wa namun daji a kan babbar hanya ta 191 a 2012, da kyamara aka ƙirga masu hawa aka tabbatar kuɗin bai tafi a banza ba.

Wannan ƙarfin nata shi ne kuma ya jawo mata doka. Maharbin ƙasar Hausa ya san cewa da rani, idan tafkuna suka ƙafe, a mashaya ake dako. A jihar Arizona haka abin yake kusan duk shekara, kuma dubban mashayan ma hukuma ce ta gina su don namun daji. Sai ga mashaya ɗaya da kyamarori gommai, na masu kai attajirai farauta don kuɗi da na sauran jama'a, kowa na zirga-zirgar duba tasa, ana koran dabbobi daga ruwa a tsakiyar fari, ana faɗa a kan wane ne ya riga ganin wane kishimi. A Yunin 2021 hukumar kula da namun daji ta jihar ta haramta amfani da kyamara don farauta baki ɗaya, daga 1 ga Janairun 2022. Nevada da Utah sun hana a watannin farauta, Kansas ta hana a filayen gwamnati a 2023. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887 kuma take riƙe da kundin manyan ƙahoni, ba ta karɓar dabbar da aka harba bisa hoton da ya shigo waya nan take ya kai maharbi inda take.

Ina ganin Arizona ta yi daidai, kuma ina ganin kuskure ne a kwafi dokarta a kai jihohin gabas irin su Ohio ko Georgia. Inda ruwa ɗaya ne, kyamara ta cire wa dabba damar tsira da ta rage mata. Inda daji ke da faɗi da abinci ko'ina, mai kyamara goma ma yakan ƙare shekara da hotuna dubu da tukunya babu nama, kuma amfanin na'urar ya fi cutarwarta. Tun 1997 masu bincike a Mississippi suka fitar da hanyar ƙidaya da ita: kyamara ɗaya a kowace hekta 40, a zuba masara, a bar ta mako biyu, a bambance mazan ta rassan ƙahonsu, daga nan a lissafa mata da 'ya'ya. Ita ma hanyar ta gamu da cikas, don tara bareyi a kan tsibin masara na yaɗa wata cutar bareyi mai cinye ƙwaƙwalwa da aka fara ganowa a Colorado a 1967, wadda yanzu ta shiga jihohi fiye da 30, har da yawa daga cikinsu suka hana zuba abinci. Wisconsin kuwa ta raba wa 'yan sa-kai kyamarori fiye da 2,000 ba tare da masara ba, tana amfani da hotunan wajen auna yawan 'ya'yan da mata suka raina kowace shekara.

Dokar Arizona ma ba ta rufe zancen ba. Abin da ta hana shi ne ɗana kyamara da nufin farauta. Makiyayi na da damar sa tasa ya ga ko shanunsa sun sha ruwa, mai sha'awar hoto ma haka, mai bincike ma haka. Jami'in gandun daji da ya tarar da kyamara a bakin mashaya a watan Oktoba, ba suna a jikinta, sai ya fara gano mai ita, sannan ya tabbatar da abin da ke ransa lokacin da ya ɗaure ta.